Rawani Bakwai, Ƙafa Ɗaya

Kawu, ka ce mutum arba'in ne suka tabbatar da labarin nan a dandalin sada zumunta. Kafin ka tura shi zauren dangi, bari in ba ka wani misali.

Wani mai fito ne yake tsallakar da matafiya tsakanin garuruwa biyu da kogi ya raba. 'Yarsa tana aure a tsallake, da 'ya'yanta uku. Shekara biyu ke nan garuruwan ba sa ga-maciji a kan wani tafki da suke kamun kifi a cikinsa tare, har mai fiton ya daina sauka in ya kai waccan gaɓar. Ya sauke mutane ya juyo, ko surukinsa ba ya tsayawa gaisarwa. Garinsu kuwa suna da ƙa'ida tun kaka da kakanni: maganar da mai fito ya ji daga baki ɗaya, ya bar ta a ruwa, wadda ya ji daga baki bakwai kuwa, dole ya kai wa mai gari. Ran Asabar ya ɗauko wani farke da ya rufe baki da rawani. Suna tsakiyar kogi farken ya raɗa masa cewa mutanen tsallake suna wasa adduna, ran kasuwa za su afka wa garinsu. Ya bar ta a ruwa. Washegari wani mai tallar magani ya faɗi haka. Sai wani mai carbi, sai wani makiyayi da malfa har gira. Kowa da kalar rigarsa, kowa da irin muryarsa, magana dai ɗaya. Haka aka yi ta yi, kowace rana mutum ɗaya. A na bakwai ya ɗaure jirgi ya nufi ƙofar mai gari.

Kafin azahar samarin gari sun kwashe jiragen bakin ruwa kaf, har da nasa, sun ce gara su riga mutanen tsallake kai hari. Aka bar shi tsaye shi kaɗai. Lokacin kaka ne, ruwa na janyewa, taɓon kowace rana yana bushewa da sawun wanda ya taka shi. Sai idonsa ya faɗa ƙasa. Layi bakwai na taɓo, a kowanne akwai sawun ƙafar hagu mai yatsu huɗu. Rawuna ya yi ta ƙirgawa, bai taɓa duban ƙafa ba. Ya ɗaga kai, can kan tudu ga mai ƙafar, wani baƙo, yana ninke rigunan nan bakwai cikin buhu, mutumin wata ƙasa mai nisa da iyayen gidansa ke kwaɗayin kogin in masu shi sun gama da juna. Mai fito ya shiga ruwa har ƙirji yana ƙwala wa samari kira, amma kogin da faɗi. Hayaƙin farko da ya tashi a tsallake, daga unguwar 'yarsa ne.

Da ya sauka sau ɗaya ya gaida surukinsa, da ya tarar da shi yana ɗinkin koma, ba wasa adda ba. Kawu, arba'in ɗin nan naka, duba sawunsu, ka ga ko ba mako guda aka buɗe shafukansu ba. Sannan ka daure ka kira abokin nan naka na can da kuka daina gaisawa, ka ji daga bakinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.