Mai Kan Roba

"Ba wannan ba," in ji Musyoka, ya ture mai kan ƙarfen. "Ba ta gajere, mai kan roba."

Ya gaji. Tun safe 'yarsa Ndinda take jan sa a shagunan Nairobi, neman abin da za ta sa a hudar harshenta.

"Mzee ya san kan abin," in ji mai shagon. "Ƙarfe yana fasa haƙori."

Ndinda ta taɓe baki. "Baba, wannan ma a littafi ka karanta? Kai dai ba ka son abu mai ƙyalli. Haka ka takura wa Mama. Duk hotunanta, babu inda take dariya."

A hoto kawai ta san uwar, tana goye ta rasu.

Musyoka ya buɗe walat, ya fito da wani ɗan ƙarfe da ya dushe, ya ajiye kan tebur.

"Nata ne. Haƙora huɗu ya ci mata a gaba. Dariya kam ta sha ta, har maƙwabta suna buga mana bango. Mai hoto ne kawai take rufe wa baki."