Motar da Ke Gaisuwa

Tun da aka hana ɗan Adam tuƙi, Malam Shu'aibu, tsohon direba, bai daina mita ba. Yau ma suna tafe shi da matarsa a cikin mota mai tuƙa kanta.

"Wannan ai firji ne mai taya, Hajiya. Ba sitiyari, ba rugugin inji. Ina ma tsohuwar motata."

"Wadda muke turawa kullum?" in ji matarsa.

Sai ga surukinsa, mahaifin Hajiya, zaune a ƙofar gidansa. Wucewa ba gaisuwa kuwa abin kunya ne.

"Tsaya nan," ya ce wa motar.

Ko rage gudu ba ta yi ba.

"Na gaida Baba a madadinka," ta amsa cikin ladabi. "Na kuma ba shi haƙuri kan abin da ka faɗa a kansa jiya."

Hajiya ta juyo a hankali.

"Malam, me ka faɗa?"