Lambun Mai Masauki

"Na gane shi," in ji tsohuwa mai masaukin, ta mayar masa da hoton ɗansa. "Biyo ni, malam."

Kwana huɗu ya yi a kan buhunan gishiri a bayan motar kaya kafin ya iso garin nan na tsakiyar hamada, tsohon zangon fatake. Masauki mafi araha ya nufa, don daga nan ɗan nasa ya kira shi na ƙarshe, yau shekara bakwai.

Ta kai shi bayan gida, cikin lambun dabino mai sanyin inuwa.

"Duk baƙon da zai tsallaka hamada, sai ya binne min ƙwallon dabino," ta ce. "Ina ba shi ruwa har mai shi ya aiko cewa ya sauka lafiya. Ranar nake tuge shi. Ruwan nan ba na wasa ba ne."

Ya fara ƙirga bishiyoyin. Da ya wuce ɗari, sai ya bari.

"Iya, wanne ne na ɗana?"

Ta dafa wanda ya jingina da shi.

"Bana ya fara 'ya'ya."