Masarar Rangwame

Tunda an ɗora maka rabon hatsin nan, ɗana, tsaya ka ji wani misali kafin ka buɗe sito.

An yi wani manomi da shekarar fari ta gasa wa aya a hannu, har ya ga 'ya'yansa suna kankare gindin tukunya. Da rani sai aka kawo aikin cike hanyar ƙauyensu, ya samu shiga, yana jidar ƙasa a kwando ana biyansa. Aka kuma buɗe shagon masara mai rangwame. Bawan Allah ya rantse yunwa ba za ta ƙara kwana a gidansa ba. Duk ladan aikin ya zuba a masara. Abin bai ishe shi ba, ya kwashi ɗan waken da ya tsira, da gyaɗar miya, da kajin matarsa masu ƙwai, ya kai kasuwa, don kwanon wake ɗaya yana sayen masara mai yawa. Matar ta ce, "Malam, a bar mana ko na miya mana." Ya ce tuwo ne abinci, miya ado ce. Ni dai ban ga baƙinsa ba, wanda yunwa ta taɓa kora buhu kawai yake gani.

Suna da 'yar auta da aka yaye a lokacin. Kunun masara safe, kunun masara yamma, ba ƙwai ba wake. Ba a jima ba kumatunta suka cika, ƙafafu suka yi bul-bul. Uban ya riƙa ɗaukarta zuwa ƙofar gida yana nuna wa maƙwabta, wai su ga yadda auta ta murmure. Uwar ce ta lura yarinyar ta daina dariya, gashinta ya yi ja yana zuba, sai ta goya ta zuwa asibiti, uban na biye yana mita. Malamar asibiti ta danna ƙafar yarinyar da yatsa, ta ɗaga, gurbin ya zauna kamar an danna tuwo. Ta ce wannan kumburi ne, cikin yarinyar a cike yake amma jikinta yunwa yake ji. Wallahi har yau in na tuna tsayuwar mutumin nan sai tausayi ya kama ni. Washegari ya saɓa buhun masara ya koma kasuwa neman wake, ya tarar waken ya yi tsadar da kuɗin buhun bai kai ba.

Irin wannan ne Hausawa ke cewa, garin neman ƙiba an samo rama.