Fuskar Baba a Sahun Baya

Auta ta buɗe mujallar, ta nufi shafin tsakiya, ta sake tarar da ramin. A sahun baya, daidai inda ya kamata a ga fuskar Baba, an yanke takardar tsaf, gefenta haƙori-haƙori.

Gidan tarihin da take aiki zai fitar da ƙasida a kan tsohuwar makarantar garin, kuma an ce hoton marigayi mahaifinta za a sa a bangon ƙasidar, tunda shi ne ɗalibin da ya fara tara littattafan laburarenta. Ita kuwa ba don ƙasidar kaɗai take nema ba. Ruwa ya cinye hotunan gidansu tun tana ƙarama, ba ta taɓa ganin Baba yana saurayi ba, abin yana cin ranta.

Hotonsa ɗaya ne tak, na 'yan ajinsu, a mujallar makarantar ta shekarar da suka gama. Ta makarantar gara ta gama da ita tuni, sai dai a bi tsofaffin ɗalibai gida-gida.

Mama ce ta ɗauki wannan aikin, da wani zafin nama da ba a san ta da shi ba. Matar da ciwon gwiwa ke hana ta zuwa bakin ƙofa, sai ga ta ta rufe keken ɗinkinta, ta rataya jakar aiki, tana zaga ƙawayenta na aji, don ajinsu ɗaya da Baba.

"Ke zauna kan aikinki," in ji ta. "Ni na san wadda ta ajiye."

Ashe duk sun ajiye, wasu har a ƙasan akwati cikin turare. Amma duk wadda Mama ta kawo, ramin nan yana nan. Shugaban gidan tarihin ya ɗaga ɗaya ya leƙa ta ramin, ya ce bai taɓa ganin gara mai zaɓen fuska ba. Auta ta bi abokan Baba maza, ta tarar nasu sun daɗe da zama takardar ƙunshi.

Mai ɗab'i ya gaji da jira, ya ce gobe ko hoto ko ya sa bishiyar makaranta a bango. Auta ta koma gida tana ta tunanin wane maƙiyi Baba ya yi haka. Tana tuɓe rigar aiki maɓalli ya tsinke. Ta jawo jakar Mama, ta ture almakashin ɗinki mai haƙora, ta buɗe gwangwanin maɓallai.

Ga Baba nan cike da gwangwani, saurayi fes, yana murmushi ɗaya bisa ɗaya.

Mama ko ɗagowa daga keke ba ta yi ba.

"Ɗauki ɗaya ki kai musu," ta ce. "Amma haka kawai matan mutane su ajiye mini miji a akwati?"