Kunun Mai Jego

Da likita ya zare allurar daga cikin mijina, ruwa ya kusa cika bokiti, rawaya kamar fitsarin doki.

"Burkutu ta cinye masa hanta," in ji likitan. "Shi ya sa cikin ya kumbura, nono ya tsiro masa, mazakuta kuma ta daɗe da mutuwa. Ki kiyaye, ba gishiri, ba kanwa."

A gaban uwar mijina ya faɗa, matar da ta shekara goma sha ɗaya tana kirana juya a bakin rijiya, har duk Daudawa aka manta sunana. Mijin nawa kuwa ya san tun shekarar farko ba ya iya komai, amma in ya dawo a buge sai ya shure ni a mara, ya ce nan ciwon yake. Na rufa masa asiri. Na sha saiwoyi har haƙorana suka dafe.

Wata tara cif cikinsa ya yi yana girma. Ina ƙirgawa.

Da muka dawo gida na surfa gero, na jiƙa kanwa, na dama kunu mai kauri irin wanda na sha dama wa matan maƙwabta in sun haihu. Na durƙusa na miƙa masa ƙwaryar, uwarsa na kallo.

"Mene ne wannan?" ya tambaya.

"Barka da sauka lafiya, maigida. Shanye da zafinsa, don ruwan nono ya zo."