Wanda Aka Tura Wurin Aladu

"Baba ya ce mu yi musanya," na ce wa Gaudenzio. "Kai aladu, ni ɗakin littattafai."

Ƙarya nake. Shekara uku ina kwasar kashin aladu a gidan zuhudunmu, shi kuwa yana gefen shugabanmu, Baba Ilario, ana ta yabon biyayyarsa. Na so in ga ya yi gardama ko sau ɗaya.

Sai ya ajiye alƙalami. "To, ɗan'uwa. Ina bokitin?"

Washegari Baba ya rasu. Aka karanta wasiyyarsa: "Ku zaɓi wanda na tura wurin aladu ya gaje ni. Haƙurinsa nake gwadawa."

Kowa ya juya wajen Gaudenzio. Ni da bakina na shaida musu Baba ne ya tura shi.